DAGA BAKIN SHARI: Ɗan Senegal Da Ya Kai Tutar Ƙasarsa Kan Ƙanƙara

Wannan karon zan ɗauko zance ne daga nesa ƙwarai, daga kan duwatsun ƙasashen Turawa inda ƙanƙara ke lulluɓe ƙasa, amma in mai karatu ya yi haƙuri zai ga cewa a ƙofar gidanmu zancen zai sauka.

Abin da ya jawo maganar shi ne, wani dare muna zaune a wurin mai shayin unguwarmu, kowa ya ƙudundune cikin mayafi, sai talabijin ya nuno wasu mutane suna gangarowa daga kan dutse a guje, sun ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa, suna riƙe da sanduna. Samari suka bushe da dariya. Wani dattijo da muke girmamawa ya girgiza kai ya ce, "Kai, Bature bai rasa abin yi ba. Wannan wasa dai har abada baƙin mutum ba zai yi shi ba." Na ce masa, "Allah ya ba ka haƙuri Baba, ai tuni an yi, tun 1984, kuma ɗan Senegal ne." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, Senegal ɗin da na sani? To a ina ya sami ƙanƙarar, a cikin firij?" Aka sake fashewa da dariya. A nan na yi alkawarin zan kawo labarin a rubuce, kuma ga shi na cika.

Da farko bari mu san wasan kansa. Turawa suna kiransa siki, mu kuma sai mu ce zamiya a kan ƙanƙara. Ƙanƙarar da ake nufi ba irin ƙulu-ƙulun da ke faɗowa da ruwan farkon damina ba ce, a'a, wata iri ce mai laushi kamar gari, wadda ke zuba a lokacin sanyi ta taru a kan duwatsu har ta fi tsayin mutum. Irin wanda ake gangarowa daga kan tudu ya samo sunansa daga duwatsun Alp, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya. Akwai gangara ta kai tsaye, wadda gudu ne zalla, akwai kuma silalom, inda ake kakkafa sanduna a hanya mutum ya riƙa kewaya su dama da hagu, in ya tsallake ɗaya an fitar da shi. Ba a jere ake tashi ba kamar sukuwar dawaki. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, agogo ne alƙali, kuma sau da yawa abin da ke raba na ɗaya da na biyu bai kai ƙiftawar ido ba. A gangara ta kai tsaye gudun yakan wuce kilomita 100 a awa, har ma a 2013 wani Bafaranshe, Johan Clarey, ya kai kilomita 161 a Wengen ta Suwizalan. Mai karatu ya kwatanta da gudun motar da ya taɓa shiga a hanyar Massaguet, sannan ya tuna cewa wannan mutum ba shi da burki sai gwiwoyinsa. An fara gasar Olamfik ta lokacin sanyi a garin Chamonix na Faransa a 1924, aka shigar da wannan wasa na gangara a 1936.

To, mutumin namu sunansa Lamine Guèye, wato Lamin, an haife shi a Dakar a 1960, shekarar da ƙasarsa da tamu suka sami mulkin kai. Duk wanda ya yi lakwal a zamanin da zai ce ya taɓa jin wannan suna, kuma gaskiyarsa, domin sunan kakansa ya ci. Kakan nan lauya ne, ya yi magajin garin Dakar, ya kuma shugabanci majalisar dokokin Senegal daga 1960 har rasuwarsa a 1968. Shi ne mai dokar nan ta watan Mayu na 1946 da ake kira da sunansa, wadda ta ce mutanen ƙasashen da Faransa ke mulka su ma 'yan ƙasa ne, ba talakawan mallaka kawai ba. Wannan doka ta shafi kakanninmu a nan Fort-Lamy kamar yadda ta shafi na Damagaram da Maraɗi. Ke nan gidan su Lamin gida ne da aka saba ƙwanƙwasa ƙofar da aka rufe, kuma Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Bayan rasuwar kakan ne aka tura yaron karatu ƙasar Suwizalan yana ɗan shekara takwas. A can ya fara ganin ƙanƙara da idonsa, ya shiga cikin yaran Turawa yana faɗuwa yana tashi har ƙafarsa ta zauna. Shekarar kuwa ita ce wadda Jean-Claude Killy na Faransa ya kwashe lambobin zinariya uku a gasar Grenoble, duk yaron da ke yankin ba shi da zance sai na siki. Da a ce Lamin ya tsaya a nan, ya zama ɗan Afirka mai sha'awar wasan Turawa a lokacin hutu, da ba mu da abin rubutawa. Amma sai ya sa wa ransa cewa zai shiga gasar duniya, kuma da tutar Senegal zai shiga.

A nan ne wahalar take. Mutum ba ya tashi haka kawai ya je Olamfik don ya iya wasa. Dole ƙasarsa ta kasance tana da ƙungiyar wannan wasa, dole hukumar wasan ta duniya ta amince da ƙungiyar, dole kuma kwamitin Olamfik na ƙasar ya rubuta sunansa ya aika. Senegal kuwa ba ta da ƙanƙara, ba ta da dutsen kirki, balle ƙungiyar siki. Sai yaron nan, bai ko cika shekara ashirin ba, ya kafa ƙungiyar da kansa a 1979, ya bi ofis-ofis da takardu har aka karɓe ta. Ba sai an gaya mana irin dariyar da ya sha ba, tunda mu ma ga shi mun yi tamu a wurin mai shayi bayan shekaru masu yawa.

A watan Fabrairu na 1984 aka yi gasar a Sarayebo, cikin ƙasar da ake kira Yugoslabiya a lokacin, ƙasashe 49 suka hallara. Lamin ya shiga fili da tutar Senegal, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya yi wasan siki a gasar Olamfik ta lokacin sanyi. Kafin shi Afirka ta Kudu ta je a 1960, amma Turawanta ta tura, Maroko kuma ta je a 1968, ita kuwa tana da nata duwatsun Atlas masu ƙanƙara. A gangara ta kai tsaye, a kan dutsen Bjelasnica, wani Ba'amurke mai suna Bill Johnson ya zo na ɗaya, ya cinye wajen kilomita uku cikin minti ɗaya da daƙiƙa 45. Lamin ya zo na 51, ya sauko da ƙafafunsa lafiya, kuma akwai waɗanda ya bari a baya. Ya sake komawa a 1992 a Albertville ta Faransa, wannan karon ba shi kaɗai ba, tare da wani ɗan ƙasarsu Alphonse Gomis, sannan ya je karo na uku a 1994 a Lillehammer ta ƙasar Norwe. Bai taɓa cin lamba ba, ko kusa da ita bai je ba, gara in faɗi wannan a fili kada a ce na yi wa labari kwalliya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ya yi bayan ya ajiye katakansa. Ya ci gaba da riƙe ƙungiyar, har wani matashi, Leyti Seck, wanda ya tashi a Ostiriya amma mahaifinsa ɗan Senegal ne, ya ɗauki tutar a Turin a 2006 da Bankuba a 2010. Ya kuma shiga jayayya da manyan hukumomin wasanni a kan ƙa'idojin shiga gasa. Asalin maganar, a gasar Kalgari ta Kanada a 1988 wani ɗan Ingila, Eddie Edwards, ya zo na ƙarshe a tsallen ƙanƙara amma ya fi zakarun suna a jaridu, abin bai yi wa hukumomi daɗi ba, suka fara tsaurara sharuɗɗa. Lamin ya ce wannan tsaurarawa ƙananan ƙasashe za ta kora, gasar ta koma ta masu kuɗi da masu ƙanƙara kaɗai, alhali zobba biyar ɗin da ke jikin tutar Olamfik suna nufin dukkan sassan duniya ne. Ya rubuta wa kwamitin Olamfik na duniya yana neman a bar wa kowace ƙasa damar shiga kamar yadda ake yi a da, kuma a 2008 ya fitar da littafi da Faransanci, Skieur sénégalais cherche esprit olympique, ma'ana ɗan wasan siki na Senegal yana cigiyar ruhin Olamfik.

Adalci ne a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Hukumomi suna cewa gangara ba wasan yara ba ce, wanda bai ƙware ba zai iya rasa ransa, kuma ba ƙarya suka yi ba, domin a watan Janairu na 1994, makonni kaɗan kafin gasar Lillehammer, Ulrike Maier ta Ostiriya, wadda ta taɓa zama zakarar duniya har sau biyu, ta mutu sakamakon haɗarin da ta yi a kan gangarar Garmisch. In gwana ta mutu, ina ga ɗan koyo? Haka kuma dattijon namu, da na ba shi labarin a taƙaice, ya kawo tasa hujjar. Ya ce, "Ɗana, 1979 da kake faɗa, mu a nan harbi ake yi a cikin gari, muna tsallaka kogi zuwa Kusiri da tabarmi a ka. 1984 kuwa shekarar yunwa ce, dabbobi suna mutuwa a Kanem da Batha. Ɗan masu hali yana zamiya a ƙasar Turawa, mu me ya ƙare mu da shi?" Na yi shiru, domin maganar babba ce, kuma gaskiya ne Lamin ɗan gata ne, talaka ba ya kai ɗansa makaranta Suwizalan.

Amma da na koma gida na yi ta juya maganar, sai na ga akwai amsa, kuma a cikin garin nan take. Duk wanda ya san Njamena ya san babban filin wasa mai sunan Idriss Mahamat Ouya. Wane ne shi? Ɗan Fort-Lamy ne, an haife shi a 1942, gwanin tsallen sama. A gasar Olamfik ta Rum a 1960 ya yi tsalle, amma da rigar Faransa, duk da cewa Chadi ta sami mulkin kai ran 11 ga Agusta, makonni biyu kafin a buɗe gasar. Dalili kuwa, ƙasar ba ta da kwamitin Olamfik nata tukuna. Sai da aka kafa kwamitin aka amince da shi, sannan ya tafi Tokiyo a 1964 da tutar Chadi, ya kai zagayen ƙarshe ya zo na tara a duniya, ya sake zuwa Meziko a 1968. Mutum ɗaya ne, ƙafafu ɗaya, amma takarda ce ta raba tsallen da aka rubuta wa Faransa da wanda aka rubuta mana. Abin da Lamin ya gane ke nan yana yaro: gwaninta ba ta isa ba sai da ƙungiya, in ba haka ba wani ne zai ci moriyar gumin ɗanka.

Batun barin ƙofa a buɗe kuwa, mu ya fi shafa. Chadi ba ta taɓa cin lamba a Olamfik ba, ba ta kuma taɓa zuwa ta lokacin sanyi ba. Ba ta je ta 1976 da ta 1980 ba, sai a 1984 ta koma. A gasar bazara akwai guraben da ake ware wa ƙasashen da 'yan wasansu ba su cika sharaɗi ba, musamman a guje-guje da iyo, don kada a bar kowace ƙasa a waje, kuma ƙasashe irin namu suna cin moriyar wannan. Da irin wannan gurbi ne Hamadou Djibo Issaka na Nijar ya yi tseren kwale-kwale a Landan a 2012, ya zo na ƙarshe, jama'a suka tashi tsaye suna yi masa tafi. Wani zai ce abin kunya ne. To amma ƙasar nan ta Nijar ita ce ta ci tagulla a dambe a Munik a 1972 ta hannun Issaka Daboré, ita ce kuma ta ci azurfa a Riyo a 2016 ta hannun Abdoul Razak Issoufou Alfaga a wasan taikwando, wanda ya zama zakaran duniya a 2017. Mu ma muna da Kaltouma Nadjina, 'yar garin Bol a bakin tafki, wadda ta zama zakarar Afirka a gudun mita 200 da mita 400 a 2002. Ba wanda ya san daga wace bukka zakara zai fito, shi ya sa ba a rufe ƙofa.

Hanyar da Lamin ya share ma ba ta mutu ba. Philip Boit na Kenya ya je Nagano a 1998, ya zo na ƙarshe a tseren kilomita 10, amma zakaran, Bjorn Daehlie na Norwe, ya tsaya a bakin layi yana jiransa har ya iso ya rungume shi. Kwame Nkrumah-Acheampong na Gana ya je Bankuba a 2010. A 2012 Adam Lamhamedi na Maroko ya ci zinariya a gasar matasa a Innsbruck. 'Yan matan Nijeriya sun je Koriya ta Kudu a 2018 da keken ƙanƙara, Samuel Ikpefan kuma ya yi wa Nijeriya siki a Bejin a 2022. Garin su Lamin, Dakar, shi aka ba gasar Olamfik ta matasa ta 2026, karo na farko da aka ba wata ƙasar Afirka. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Yanzu bari in sauko gida. Ba ina cewa mu sayi katakai mu nufi Tibesti ba ne. Emi Kussi ya haura mita 3,400, ya fi kowane dutse tsawo a Sahara, amma ba wurin zamiya ba ne. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da ba shi da ƙanƙara ya kafa ƙungiyar wasan ƙanƙara, mu kuwa da muke da kokowa da dambe da langa a hannunmu, gadon iyaye da kakanni, ba mu da ko littafin rubuta sunaye. Kakanninmu sun zo garin nan, wasu da fatauci, wasu a kan hanyarsu ta zuwa Makka suka yada zango har zango ya zama gida, sun zo da harshensu da sana'o'insu da wasanninsu. Harshen muna ta fama da shi, kasuwa kuma mun riƙe, amma wasannin fa? Yaro nawa ne a unguwanninmu ya san ƙa'idar langa a yau?

Ni ganau ne a kan wannan. Shekarun baya samarin unguwarmu suka shirya kokowa bayan sallah, suka tara kuɗi, suka kira makaɗa, suka share fili. Da muka je wani ofis neman izini, ma'aikacin ya tambaye mu sunan ƙungiyarmu da takardarta da sunan shugabanta. Muka dubi juna. Ya ce ba zai ba taron jama'a izini da sunan "samarin unguwa" ba, in wani ya karye wa zai kama? Muka fito muna gunaguni muna cewa don mu Hausawa ne aka hana mu. Yau da na natsu, na ga ko da akwai wannan a zuciyarsa, mu muka ba shi sandar dukanmu, domin tambayar da ya yi tana kan hanya. Kuɗin da aka tara ya narke, makaɗa suka ci rabin, kokowa ba a yi ba har yau.

A dubi maƙwabtanmu na Nijar. Kokowa a can wasan ƙauye ce ta bayan girbi, kamar yadda take ko'ina, har sai da aka tsara ta a 1975, aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Yau in ana kokowar takobi ƙasar gaba ɗaya takan koma gindin rediyo da talabijin, kuma sunan Issaka Issaka na Doso ya kai har nan. Kokowar gargajiya tana cikin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, waɗanda Yamai ta karɓi baƙuncinsu a 2005. Ba ƙarfi 'yan Nijar suka fi mu ba, tsari suka fi mu.

Saboda haka ga shawarata, ga mai so. Na farko, dattawa da samari su zauna su fitar da mutum biyar ko bakwai masu gaskiya, a rubuta dokokin ƙungiya da Faransanci ko Larabci, tunda su ne harsunan hukuma, a kai inda ake rajista, a bi sawu ba gajiya. Na biyu, a tsai da lokaci guda a kowace shekara, cikin sanyin nan kafin zafin Afrilu ya sauko, a riƙa rubuta sunan wanda ya yi kaye da wanda aka kayar, domin wasan da ba a rubuta ba da mai shi yake mutuwa. Na uku, kada a mai da abin na Hausawa zalla. Masa da sauran mutanen bakin Logon gwanayen kokowa ne tun fil azal, a gayyace su, a gayyaci Barebari da Larabawa da Sara da Kotoko, domin wanda kuka yi wasa tare da rana da wuya ya zama abokin gaba da dare. Na huɗu, attajiranmu na babbar kasuwa su tuna cewa buhun shinkafa ɗaya ko rago ɗaya na kyautar zakara ba zai karya jarinsu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga 'ya'yanmu da ke karatu ko neman abinci a Faransa da Kanada da sauran ƙasashe kuma, ina da kalma ɗaya. Lamin ya bar Dakar yana ɗan shekara takwas, ya girma cikin Turawa, ya koyi abinsu har ya goga kafaɗa da su, amma da ranar ɗaga tuta ta zo bai yi ɓatan kai ba. Ku koyi duk abin da za ku koya, ko da a gida za a yi muku dariya, amma ku san sunan ƙasar da za a rubuta a gaban naku.

Na koma wurin mai shayi na karanta wa dattijon nan abin da na rubuta kafin in kai wa edita. Ya saurara har ƙarshe, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "To ɗana, na ji. Ƙanƙara dai ba ni ba ita. Amma in kun tashi kafa ta kokowar, ku sa sunana a farko, don ni ma na yi kaye a zamanina." Na ce, "Baba, an rubuta." Saura ku masu karatu. Duk mai shawara ko gyara, ko wanda ya san tarihin 'yan kokowa da 'yan damben da aka yi a garin nan a da, ya aiko da wasiƙa ta hannun edita, za mu buga in Allah ya so.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya shirya mana zuriya. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in da rai da lafiya. Wassalam.